Uwa ce firinsifal, uba ne malamin lissafi: Yadda 'yan karatun gida ke neman shiga West Point

Ka ɗauka kai ne jami'in ɗaukar ɗalibai a makarantar horar da hafsoshin soja, sai ga takardar sakamakon wani yaro a kan teburinka. Lissafi A, Turanci A, kimiyya A. Ka duba sunan makaranta, ka ga adireshin gidansu ne. Ka duba sa hannun shugabar makaranta, ka ga mahaifiyarsa ce. Malamin da ya ba shi A a lissafi kuwa babansa ne. Tsakani da Allah, za ka yarda da takardar nan?

Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da jami'an makarantun soja na Amurka ke gani ne duk shekara. A can doka ta ba iyaye damar su karantar da 'ya'yansu a gida tun daga firamare har ƙarshen sakandare, kuma haka abin yake a duk jihohi 50 na ƙasar. A 2016 alƙaluman ma'aikatar iliminsu sun nuna yara kusan miliyan 1.7 ne ke irin wannan karatu. Da korona ta zo abin ya ƙara bunƙasa: hukumar ƙidayar ƙasar ta ce gidajen da ke karantar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 a cikin shekarar 2020 kaɗai. Dalilan iyayen sun bambanta. Wasu addini ne, Kiristoci da Musulmi duka, wasu tsoron harbe-harbe da cin zali a makarantu, wasu kuma gani suke za su fi malaman gwamnati iyawa.

Sa idon hukuma ma ba ɗaya ba ne. A jihar New York dole iyaye su miƙa tsarin karatun shekara, su riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara. A Texas ko sanar da hukuma ba dole ba ne ga yaron da bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba. Ka ga kenan idan aka ce "ɗan karatun gida" ba a gaya maka komai game da abin da ya sani ba.

To a cikin waɗannan yara akwai masu mafarkin saka kaki. Manyan makarantun guda biyar ne. West Point ta sojan ƙasa, wadda aka kafa a 1802 a bakin kogin Hudson, ita ce uwa ma ba da mama. Sai ta sojan ruwa a Annapolis tun 1845, ta sojan sama da aka kafa a 1954 wadda ke Colorado Springs, ta dakarun tsaron gaɓar teku a New London, da ta jiragen ruwan kasuwanci a Kings Point. A manyan ukun farko ba ka biyan ko sisi, har alawus ake ba ka duk wata, ka fito da digiri da muƙamin ƙaramin hafsa. Amma fa ba sadaka ba ce: za ka yi wa ƙasa aikin soja na aƙalla shekara biyar. West Point kan ɗauki wajen mutum 1,200 a shekara daga cikin sama da 10,000 da suka nema.

Babu wata doka da ta hana ɗan karatun gida nema. Sharuɗɗan asali iri ɗaya ne ga kowa: ɗan ƙasa, shekara 17 zuwa ƙasa da 23, ba aure, ba ɗan da kake ciyarwa. Matsalar tana wani wuri daban. Kusan duk abin da fom ɗin ke tambaya an tsara shi ne a kan cewa akwai wani bare da ya san ka, ya gwada ka da sa'o'inka, zai kuma iya sa hannu. Mu masu karanta aikin jarida abin da ake fara cusa mana a aji ɗaya shi ne majiya ɗaya ba ta isa labari, balle majiyar da ke da moriya a ciki. Uwa kuwa ai babu majiyar da ta kai ta moriya a labarin ɗanta.

West Point tana auna mai nema da ma'auni uku: kashi 60 karatu, kashi 30 jagoranci, kashi 10 ƙarfin jiki. A kowane ɗaya daga cikin ukun ɗan karatun gida sai ya nemo shaidar waje.

Ta fuskar karatu, abin da ya fi ceton sa shi ne jarrabawar SAT ko ACT, wadda ɗaliban ƙasar ke zaunawa kafin shiga jami'a. Ita ba ruwanta da inda ka yi karatu. Ɗan makarantar gwamnati da ya ɗan yi ƙasa a SAT yana da sakamakon shekara huɗu daga malamai da yawa da zai kare kansa da shi. Ɗan gida kuwa idan makinsa ya yi ƙasa, A ɗin da ke takardar mama sai ta koma abin zargi. Shi ya sa a wajensa jarrabawar ta fi nauyi, ko da ba a rubuta haka a fom ba.

Ita kanta takardar sakamakon ba a son ta a dunƙule. Makarantar sojan sama tana neman a rubuta sunan kowane darasi, tsawon lokacin da aka yi ana yinsa, littafin da aka yi amfani da shi, abin da aka koya, da yadda aka ba da maki. Wato uwar da ba ta fara ajiye bayanai tun yaro yana shekara 14 ba, ranar cike fom za ta raina kanta.

Inda aka fi samun giɓi shi ne kimiyya. Duk wanda ya gama West Point ko Annapolis digirin kimiyya ake ba shi, ko da tarihi ya karanta, kuma tun shekarar farko zai ci karo da kemistiri da lissafi mai zurfi. Turanci da tarihi ana iya koyonsu a falo, amma wa ke da ɗakin gwaje-gwaje a kicin? Dabarar da iyalai da yawa ke yi ita ce su tura yaron ƙaramar kwalejin garinsu ya ɗauki kemistiri ko fiziks ko lissafi tun yana matakin sakandare. Jifa ɗaya tsuntsu uku: ya samu ɗakin gwaji na gaske, ya samu maki daga hannun da ba na gida ba, ya kuma samu malamin da zai cike masa fom ɗin shaida, domin makarantun suna neman ra'ayin malaman Turanci da lissafi a kan mai nema. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci a duk tafiyar.

Sai jagoranci, wanda ya ci kashi 30. Ɗan makaranta zai ce ni ne shugaban ɗalibai, ni ne kyaftin ɗin ƙwallo. Ɗan gida fa? Shugaban ƙannensa biyu? Dole ya fita. Akwai ƙungiyar sikawut, inda kaiwa matakin Eagle ke da daraja sosai a idon jami'an. Akwai Civil Air Patrol, ƙungiyar sa-kai da ke ƙarƙashin sojan sama, wadda ke ɗaukar yara tun daga shekara 12 tana ba su muƙamai mataki-mataki. Akwai makamanciyarta ta sojan ruwa, Sea Cadets. Aikin ƙwadago ma ana duba shi, haka hidima a coci ko masallaci. Abin da ake nema ba jerin sunayen ƙungiyoyi ba ne, a'a, a nuna cewa wasu da ba dolensu ba ne sun taɓa bin umarninka, wani babba kuma yana kallo.

Wasanni su ma nan suke shiga. A waɗannan makarantu kowane ɗalibi ɗan wasa ne, kuma mafi yawan waɗanda ake ɗauka sun buga wa makarantunsu na sakandare. Masu bin ƙwallon Amurka sun san Tim Tebow. A gida ya yi karatu, amma wata dokar jihar Florida ta 1996 ta ba shi damar buga wa makarantar gwamnati ta yankinsu, har ya zo ya ci kyautar Heisman a 2007 yana jami'a. Yanzu irin waɗannan dokoki da sunansa ake kiransu. Sai dai ba kowace jiha ke da ita ba, don haka wani yaron sai dai kulob na kuɗi, ko ninƙaya, ko kokawa, ko gasar gudu ta gari, wadda ko ba komai za ta bar masa lokaci a rubuce da kowa zai iya dubawa.

Gwajin ƙarfin jiki kala shida ne a jere, da ɗan hutu kaɗan a tsakani: jifa da ƙwallon kwando kana durƙushe, jan jiki sama a jikin ƙarfe, gudun je-ka-dawo, motsa ciki, dafa ƙasa da hannu ana sama ana ƙasa, sai a rufe da gudun mil ɗaya, wato kilomita 1.6. Malamin motsa jiki ko koci ko hafsan soja ne ke riƙe agogo. Baba ba zai riƙe ba, ko da shi ne ya horar da kai. Bayan nan ga binciken lafiya na ma'aikatar tsaro, inda asma ko matsalar ido kan kayar da mutanen da suka haye komai.

Abin da zai ba ɗan Najeriya mamaki shi ne batun 'yan majalisa. In ban da makarantar dakarun gaɓar teku, ba ka shiga sai wani mai iko ya tsayar da kai, galibi ɗan majalisar wakilai na mazaɓarka ko ɗaya daga cikin sanatocin jiharku biyu, ko mataimakin shugaban ƙasa. Kowane ɗan majalisa yana da gurbin mutum biyar a lokaci guda a kowace daga cikin manyan makarantun uku. Na san abin da ke ranka, ka ce ashe can ma sai da hanya. To a rubuce yake a doka, kuma yawancinsu kwamiti suke naɗawa na tsofaffin sojoji da malamai da dattawan gari su yi wa masu nema tambayoyi baki da baki. Tsayarwar ma ba ita ce shiga ba, makarantar ce ke da maganar ƙarshe.

A gaban wannan kwamiti ne ɗan karatun gida zai amsa tambayoyin da ba a cika yi wa sauran ba. Ka taɓa aiki ƙarƙashin wanda ba ya ƙaunarka? Za ka iya zama ɗaki ɗaya da wanda addininku da tarbiyyarku suka saɓa? Wannan buri naka ne ko na babanka? Ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin ɗalibi na iya ficewa kafin fara shekara ta uku ba a bi shi bashin komai ba, amma da ya shiga ajin farko na shekara ta uku ya ɗaure kansa. In ya fita daga nan, ko ya biya kuɗin da aka kashe masa ko ya yi aiki a matsayin ƙaramin soja.

Ba wai duk abin asara ba ne a wajensa. Yaron da ya saba tsara lokacinsa da kansa, ya buɗe littafi ya koyi abu ba tare da an tsaya a kansa ba, yana da makamin da 'yan aji da yawa ba su da shi. Tarihi ma ya ba da misali mai fuska biyu. Janar George Patton, wanda ya yi suna a yaƙin duniya na biyu, a gida aka karantar da shi har ya kai shekara 11. Ya yi shekara ɗaya a makarantar soja ta Virginia, sanata ya tsayar da shi, ya shiga West Point a 1904. Ya iya tarihi da fareti, amma lissafi ya kayar da shi har ya maimaita shekarar farko. A 1909 ya fita.

Abin da ban cika jin ana faɗa ba shi ne kuɗin da ke cikin wannan hanya. Kuɗin kwaleji, kuɗin kulob, man mota na kai yaro atisaye duk mako, da uwa ko uban da ya ajiye aiki ya zauna gida. Makarantar kyauta ce, amma tara shaidun da za su kai ka ƙofarta ba kyauta ba ne, kuma iyalin da ke ƙauye nesa da kwaleji sun fi kowa jin jiki.

Idan muka waiwayo gida, NDA ta Kaduna da aka kafa a 1964 ba ta da wannan ciwon kai na takardar mama, domin tun farko shaidar waje take karɓa: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, sakamakon JAMB, jarrabawar tantancewa tata, sannan kwamitin zaɓe na sojoji. Hukumomin jarrabawar kuma suna da zama na masu zaman kansu ga wanda ba ya ƙarƙashin wata makaranta. Shi ya sa wanda ya yi haddar Alƙur'ani sannan ya bi ta lesin, ko yarinyar da aka karantar a gida, abin da ke gabansu shi ne su nemo inda za su taɓa kayan gwajin kimiyya da hannunsu, su kuma fara gudu tun da wuri. Mai hangen West Point daga nan kuwa ya sani ba fom ne da zai cike a waya ba. Dokar Amurka ta ba kowace daga cikin manyan makarantun damar riƙe baƙi har 60 a lokaci guda, amma gwamnatin ƙasarka ce ke gabatar da kai ta ofishin jakadancin Amurka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Shi kuwa yaron Amurka, ana buɗe masa fom tun saura fiye da shekara ya gama sakandare, ofisoshin 'yan majalisa su rufe karɓa wajen Oktoba ko Nuwamba, West Point ta rufe nata a ƙarshen Janairu. Wanda ya dace zai bayyana a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli domin horon farko na kusan mako shida, a aske kan maza, a karɓe waya. A ranar ana tara sababbin ɗalibai da iyayensu a zaure ɗaya, a yi musu gajeren jawabi, sannan a ba su lokacin da bai kai minti biyu ba su yi sallama.