Bayan dashen ƙoda: ciwon ƙafa da gwajin jini na cikin lissafi

Nguru da Gashuwa, garuruwan kifi, shinkafa da ƙaro a arewacin Jihar Yobe, sun daɗe suna fama da yawaitar ciwon ƙoda, abin da ya sa Gwamna Mai Mala Buni ya je Ingila a 2023 neman haɗin gwiwar masana don gano musabbabinsa. Iyalan da suka gaji da ɗawainiyar wankin ƙoda kan sayar da gona ko shanu su nemi dashe, aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Sai dai kuɗin tiyata somin-taɓi ne, domin hidimar tana gaba.

Wanda aka yi wa dashe zai riƙa shan magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki, irin su takrolimus ko saikulosporin, muddin ƙodar na aiki, don kada jiki ya ƙi ta. Daga waɗannan magunguna matsaloli biyu ke tasowa.

Ta farko ita ce ciwon ƙafa mai naci. Saikulosporin na ƙara sinadarin yurik asid a jini, wanda kan taru a gaɓa, musamman babban yatsan ƙafa, ya kumbura ta. Akwai kuma ciwon da magungunan biyu kan jawo cikin watannin farko: ƙafafu biyu, idon sawu da gwiwa su yi ta zogi a lokaci guda, tafiya ta tsananta shi, ɗaga ƙafa ya kawo sauƙi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya cika nuna komai. Na'urar MRI ce ke bayyana kumburin ɓargo. Mai ciwon sukari kuwa, zafin ko dindiris na iya zama lalacewar jijiyoyi. Kowanne da maganinsa, shi ya sa likita kan auna yurik asid, sukari da yawan maganin da ke cikin jini kafin ya yanke hukunci.

Haɗarin shi ne majinyaci ya tsaya kemis ya sayi diklofenak ko ibuprofen. Waɗannan na rage jinin da ke shiga ƙoda, don haka maganin 'yan nairori na iya lalata ƙodar da ta ci miliyoyi.

Matsala ta biyu ƙwayoyin bairos ne da ke kwance a jikin yawancin mutane, su farka idan garkuwa ta yi rauni. Ƙwayar BK, wadda aka gano a Landan a 1971 a fitsarin wani ɗan Sudan da aka yi wa dashe, tana cin ƙodar ba zazzaɓi ba ciwo. Gwajin jini na PCR ne ke kama ta da wuri, kuma ƙa'idar likitocin ƙoda ita ce a yi shi duk wata a watannin farko, daga baya duk wata uku. Babu tabbataccen maganinta. Rage magungunan garkuwa ake yi bisa kulawar likita. Ƙwayar CMV kuwa kan zo da zazzaɓi, kasala da gudawa, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, alhali tana da nata magani, wato valganciclovir.

Saboda haka ɗan kasuwa ko ƙungiyar kasuwa da ke haɗa gudummawar dashe ya kamata su ware tun farko kuɗin magani na kowane wata, na gwaje-gwajen shekarar farko, da na mota zuwa asibitin da ya yi aikin. Idan ƙodar ta lalace, komawa wankin ƙoda za a yi, sau biyu ko uku kowane mako.