Kafa Sabon Ƙyaure

Ƙofa ita ce wurin da a ke bi a shiga gida ko ɗaki, ƙyaure kuwa shi ne marfin da a ke rufe ta da shi. Ƙyauren da ya fi shan wahala a gida shi ne na waje, watau na bakin zaure. Rana tana dukansa, ruwan sama yana jiƙa shi, shi ne kuma ke tsare mutanen gida daga ɓarayi da dare. Saboda haka kafa shi ba aikin gaggawa ba ne.

Kafinta ya kan nemi katako mai ƙarfi, kamar na maɗaci ko na loko, wanda gara ba ta cinsa da sauri. Wajibi ne kuma katakon ya bushe sarai, domin ɗanyen katako ya kan karkace bayan an kafa shi.

Da fari sai ya tsai da firam, watau katakan da su ke kewaye da bakin ƙofa. Ya kan ɗaura ɗan dutse a bakin igiya, ya sake ta daga sama. In gefen firam ya bi igiyar daidai, to, ya miƙe ke nan. Sa'an nan ya auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ya kuma auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, firam bai karkace ba.

Bayan wannan sai ya rataya ƙyauren da hinji, ƙarfen nan da ƙyaure ke juyawa a kansa. Ƙyauren waje yana da nauyi, don haka a kan sa masa hinji 3, sama da tsakiya da ƙasa.

To, a nan ne a ke gane gwanin kafinta. Katako yana shan laima kamar yadda tsumma ke shan ruwa. Da damina ya kan kumbura, ya ƙara faɗi. Da hunturu kuwa, sa'ad da iska ta bushe, sai ya tsuke. In an kafa ƙyaure cif-cif cikin rani, da ruwa ya sauka sai ya ƙi rufuwa, mai gida ya kwana ƙofarsa a buɗe. In kuwa an kankare shi da yawa cikin damina, da hunturu ya zo sai a ga kafa ta buɗe, ƙura da sanyi suna shiga. Ta irin kafar nan sauro da kunama su ke samun hanya. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Domin haka gwani ya kan bar 'yar tazara kamar milimita 3 a sama da kowane gefe, ya ɗan ƙara a ƙasa don kada ƙyauren ya goga dokin ƙofa.

In ya gama ratayawa, sai ya gwada aikinsa. Ya kan buɗe ƙyauren rabi, ya sake shi. In ya tsaya inda a ka bar shi, madalla. In ya rufe da kansa, firam ya jirkice. Sa'an nan ya shiga ciki da rana, ya rufe, ya duba inda haske ke shigowa da yawa. In kuma ƙyauren yana cijewa, sai ya shafa alli a gefensa, ya rufe, ya buɗe. Inda allin ya taɓa firam, nan kaɗai zai kankare, kaɗan-kaɗan, domin abin da a ka kankare ba ya komawa.

Wani lokaci sakata ta kan ƙi shiga raminta. Sau da yawa dalili shi ne ƙyauren ya sunkuya, don ƙusoshin hinjin sama sun yi sako-sako. Sai a ɗaure su tukuna, kafin a taɓa sakatar.

Daga ƙarshe a shafa masa fenti ciki da waje, har da gefen sama da na ƙasa, inda ido ba ya gani, gama ta nan ruwa ya fi shiga katako. Ƙyauren da a ka yi wa haka, ƙaramin yaro ma ya iya rufe shi da hannu ɗaya, ko da damina ko da hunturu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƙofa da ƙyaure?
2. Don me kafinta ya kan bar tazara tsakanin ƙyaure da firam?
3. Wane amfani alli ke yi wa kafinta?