Guntun Robar Da Ke Tsakanin Famfo Da Tanki

Shirinmu na yau na direbobi ne da bakanikai, musamman na Sabiyal, Aliero, Jega har zuwa Maiyama, inda har gobe ba a rasa tsohuwar Peugeot ɗauke da buhunan albasa ta nufi kasuwa.

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Ke nan akwai akori-kurar da ta girmi jihar Kebbi kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1991. Inji an sha buɗe shi, taya an sauya ba adadi, amma akwai guntun robar da ba mai waiwayarsa: tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tanki. Yana maƙale a ƙarƙashin bodi, zafin bazara na gasa shi shekara da shekaru, har ya bushe ya tsattsage.

Hanci ne ke fara ganewa. Da zarar an cika tanki sai warin fetur ya turnuƙe motar, ko ka ga ƙasa ta jiƙe tun ba ka bar gidan mai ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin shayar da ƙasa? Kuma tsagar da mai ke fita, ta nan yashi da ruwan damina ke shiga su toshe kafireta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sabon tiyon tsohuwar mota yana wuyar samu, sai wani bakanike ya yanko na lagireto ya ce, "Alhaji, ai faɗinsu ɗaya." Faɗi ɗaya ne, roba ce ba ɗaya ba. Ta lagireto an yi ta don ruwan zafi. Fetur na jiƙa ta sai ta kumbura, ta yi laushi, ta fara marmashewa cikin tanki. A ganina wannan arahar ba ta da riba ko ta sisi. A nemi wanda aka yi don mai, ko da za a aika Sakkwato ko Kano, a tafi da tsohon a gwada faɗi da lanƙwasa.

Wajen ɗaurawa, a fara cire wayar batir, a rage man tanki, a yi aikin a fili. Ban da sigari, ban da kusa da mai walda, domin tururin fetur ya fi ruwansa saurin kama wuta. A goge tsatsar bakin ƙarfen, a tsoma bakin tiyon a ruwan zafi ya yi laushi, a zura kilif biyu tukuna, sannan a tura shi ya hau sosai. Kada a zungure shi da sukundireba, kada kuma a ɗaure da waya ko robar tayar keke.

Akwai wani siririn tiyo a gefensa, na fitar iska. In ya lanƙwashe ko ya toshe, mai zai riƙa dawowa yana feshin mai zubawa. A sauya su tare.

In an gama, a cika tanki, a duƙa a leƙa da tocila. Bayan mako guda a sake matse kilif ɗin, don sabuwar roba takan ɗan saki.