Baƙo da mai gida: me ya sa faifan ajiya ke ƙin karɓar rubutu?

Malamai da dama a makarantunmu na zango, musamman masu koyar da darasin kwamfuta, yanzu kwamfuta biyu suke tafiyarwa a cikin laftof ɗaya. Windows na zaune a na'urar, sai a girka VirtualBox, a buɗe Ubuntu a cikinsa don a nuna wa yara yadda Linux take. Ta ainihin ana ce mata mai gida, ta cikin kuma baƙo. Sunayen sun dace, domin baƙo ba ya taɓa kayan gida sai abin da aka miƙa masa.

Rigimar takan taso ne idan aka jona faifan ajiya na waje. Fayiloli duk ga su nan, kana buɗewa kana karantawa, amma ka gyara makin ɗalibi ka ce a adana, sai allo ya ce "Read-only file system", wato karatu kawai, ba rubutu. A ƙarshen zangon karatu, shugaban makaranta na jiran sakamako, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Abokan aiki uku sun kawo mini nasu a shekarar nan, kowa na cewa faifan ya mutu. Ko ɗaya bai mutu ba.

Yawancin faifan da muke saya suna zuwa ne da tsarin NTFS na Windows. Idan aka zare faifan ana tsakiyar aiki, tsarin yakan bar alama cewa ba a rufe shi da kyau ba. Linux na ganin alamar sai ta janye hannu: ko ta buɗe don karatu kawai, ko ta ƙi buɗewa. Kariya ce, kada ta yi rubutu a kan abin da bai kammala ba. To a nan Ghana, ga dumsor, ga tsofaffin laftof da batirinsu ya daɗe da mutuwa, wuta na ɗaukewa komai ya mutu nan take. Ƙari a kan haka, tun daga Windows 8 a 2012 akwai Fast Startup, wanda ke sa kashe kwamfuta ya zama rabin barci. Wanda ya kashe da faifan a jone, ya ɗauka ya rufe ƙofa, alhali turawa kawai ya yi.

Maganin wannan a wurin Windows yake. A mayar da faifan can, a gudanar da chkdsk tare da /f, sannan a cire shi ta maɓallin cirewa lafiya. Wasu na gaggawar zuwa ntfsfix a Linux. Yakan buɗe hanya, amma gyaransa na sama-sama ne, ni ba na amince masa da makin yara ɗari biyu.

Sai kuma yadda aka miƙa wa baƙon faifan. Idan ta jakar rabawa ce, a fara duba ko an taɓa akwatin karatu kawai a saitin. In ba a taɓa ba, a sa sunan mai amfani a rukunin vboxsf a cikin Ubuntu, a fita a sake shiga. Masu Mac kuwa tasu daban ce: macOS tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai, kuma abin da mai gida ba ya iyawa, baƙo ba zai samu ta jakarsa ba. Sai dai a miƙa faifan kai tsaye ta USB. Tun fitowar VirtualBox 7.0 a 2022 ba a buƙatar ƙarin kunshi don USB 2 da 3. Amma a kula, ana miƙawa faifan zai ɓace daga wurin mai gida kamar an fizge waya, don haka a tabbata ba a kwafar komai a lokacin.

Shi kuma chmod 777 da kowa ke ba da shawara, ɓata lokaci ne a kan NTFS, domin a lokacin ɗora faifan ake yanke izini.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai gyaran da zai ce "kawo a yi fomatin". Eh, faifan zai karɓi rubutu bayan haka, amma babu komai a ciki. Ana yawan yabon exFAT saboda Windows da Mac da Linux duk suna rubutu a kansa, ba shi kuma da iyakar gigabayit 4 ta FAT32. Gaskiya ne. Sai dai ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa kamar NTFS, don haka ɗaukewar wuta ta fi yi masa illa. Mai Windows da Ubuntu kawai, ni dai shawarata ya zauna a NTFS ɗinsa, ya kashe Fast Startup a saitin wuta, ya kuma ajiye kwafin makin a filasha kafin ya buga umarni ko ɗaya.