Yadda ake ɗora wa Taskwarrior ƙarin aiki daga wayar Android

A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layuka a faɗin Zamfara. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, amma Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi sun ƙara jiran makonni. Mai rubuta manhaja a Kurya Madaro da ya ajiye jerin ayyukansa a shafin intanet kaɗai, a lokacin ko duba su bai iya ba.

Taskwarrior ba ta da wannan matsalar. Paul Beckingham ne ya fara ta a 2006, kyauta ce, kuma komai a cikin na'urar mutum take ajiyewa. A Android ana sauke Termux daga F-Droid, sai a rubuta pkg install taskwarrior python.

Inda ta fi daɗi shi ne ƙugiyoyinta, wato ƙananan shirye-shiryen da mutum ke rubutawa da kansa ya saka a jakar ~/.task/hooks. Guda huɗu ne: on-launch, on-add, on-modify da on-exit. Sunan fayil kawai ke nuna lokacin da zai tashi.

A ɗauki on-add. Duk sanda aka ƙara sabon aiki, Taskwarrior za ta miƙa shi ga ƙugiyar a layi ɗaya na JSON. Ƙugiyar ta karanta, ta gyara abin da take so, ta mayar da layin. Misali, ɗalibin Poly ta Kaura na iya rubuta layuka goma na Python da za su duba bayanin aikin: idan akwai "push" ko "sauke" a ciki, su liƙa masa alamar intanet. Ranar da sabis ya dawo, ko aka shiga gari, task +intanet list zai fito da duk abin da ke jiran data, a gama su lokaci guda.

Wurare biyu ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Dole a ba fayil ɗin izinin aiki da chmod +x, kuma ya zauna cikin gidan Termux, don ma'ajiyar waya ta gama-gari ba ta karɓar wannan izinin. Sannan idan ƙugiyar ta fita da wata lamba ba 0 ba, aikin ba zai shiga ba sam. Wannan ma yana da amfani: da shi ake hana ƙara aikin da ba a sa masa ranar gamawa ba.