Tasirin Gado da Muhalli a kan Kaurin Bangon Jijiyoyin Jini na Ƙafa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi bayanin abin da ke sa bangon jijiyar jini ta cinya ya yi kauri, mu kuma auna rabon gado da na muhalli a cikin lamarin. Bangon nan yana da rufi uku. Tun daga shekarar 1986, lokacin da Pignoli da abokan aikinsa a Italiya suka nuna hanyar, ake auna kaurin rufi biyu na ciki da na'urar sikanin. Idan maiƙo ya taru a ciki, sai hanyar jini ta tsuke. Alamar farko ita ce ciwon sharaɓa yayin tafiya, wanda kan lafa da zarar an tsaya. In abin ya yi tsanani, gyambo ya ƙi warkewa, har ta kai ga yanke ƙafa.

2.0 Rabon Gado

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masana sun bi diddigin wannan magana ta hanyar nazarin tagwaye, dabarar da Francis Galton ya kawo a 1875. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, na ƙwai biyu kuwa sun haɗu a kan kimanin rabi. Irin wannan nazari ya nuna cewa gado yana da hannu a kaurin bangon, amma bai cinye rabon duka ba. Akwai kuma zuriyar da ke gadon yawan maiƙo a jini, cutar da binciken Brown da Goldstein ya bayyana asalinta, har suka sami lambar Nobel a 1985.

3.0 Rabon Muhalli

Ban da tsufa, manyan masu ɓata jijiyoyin ƙafa su ne taba da ciwon sukari, sai hawan jini. Mu dubi Hotoro da Gyadi-Gyadi da Tarauni. A da gonaki ne suka kewaye su, mutane kuwa a ƙasa suke zuwa gona da kasuwa. Yau gari ya haɗiye su, Adaidaita Sahu ta rage tafiyar ƙafa, lemon kwalba da soye-soye da dunƙulen miya sun yawaita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5. Watau jinin kakanni bai sake ba, rayuwar jikoki ce ta sake.

4.0 Kammalawa

Ba mu da ikon zaɓen gado, amma muna da iko a kan taba da abinci da motsa jiki. Saboda haka muna ba da shawara ga duk wanda aka taɓa samun wannan cuta a gidansu, ya riƙa gwada jininsa da sukarinsa. Idan ya ji ciwon sharaɓa, ya nemi a gwada ƙarfin jini a idon sawunsa da damtsensa, domin in na sawu bai wuce kashi 90 cikin 100 na damtse ba, alama ce hanya ta tsuke. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kusa a kan titin Zariya. Mu malamai kuwa, wajibinmu ne mu isar da wannan ilmi ga ɗalibanmu.