Ba Kowace Ƙofa Ake Rushewa Ba: Raddi Ga Masu Cewa "A Goge A Kafa Sabuwa"

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta: duk abin da ya maƙale a gajimare, a goge shi a kafa sabo. Masu wannan ra'ayi sun san aikinsu, kuma suna da hujja. Yawancin kayan gajimare an tsara su ne yadda za a rushe a sake ginawa cikin 'yan mintoci, wanda sau da yawa ya fi zaman bincike sauƙi. Sai dai a ganina, ƙofar VPN da ta maƙale bayan ƙaurar da ba ta kammala ba, wannan hukunci bai hau kanta ba.

Mu ɗauki Azure, gajimaren Microsoft. Microsoft ya sanar da janye adireshin IP na matakin Basic daga 30 ga Satumba 2025, abin da ya sa masu ƙofofin VPN suka shiga ƙaura zuwa matakin Standard. Wani lokaci ƙaurar takan cije a tsakiya: allo ya yi ta nuna ana sabuntawa har tsawon sa'o'i, ko ya nuna aiki ya gaza, duk gyaran da aka tura kuma a ƙi karɓa. A nan ne hannu kan yi ƙaiƙayin danna maɓallin gogewa.

Abin da ake mantawa shi ne, wannan alamar gazawa tana ba da labarin umarnin ƙarshe da aka bai wa ƙofar ne, ba halin da layukan sirrin VPN ɗin ke ciki ba. Sau da yawa bayanai na ci gaba da wucewa tsakanin ofis da gajimare lafiya lau. Wanda ya goge ba tare da ya duba wannan ba, shi ne ya yanke layin da hannunsa. Garin neman gira an rasa ido.

Sannan ga batun adireshi. Idan ƙofar tana kan adireshin Basic mai sauyawa, gogewa na nufin an sake shi, kuma babu tabbacin sake samun sa. Wannan adireshin shi ne a rubuce cikin na'urorin kowane reshe, da katangar tsaron banki ko abokin hulɗa. Naka ɓangaren za ka iya gyarawa a daren, amma nasu sai an cike takarda, an jira sa hannun manya. Ƙari a kan haka, ba a goge ƙofa sai an fara goge duk haɗin da ke jikinta, wato kalmomin sirri da saitin IPsec duk sai an sake shigar da su. Kafa sabuwar ma kan ɗauki minti 45 ko fiye.

Babbar hujjata ita ce gogewa ba ta taɓa tushen ciwon. Ƙaura na buƙatar rarar adireshi a yankin da aka keɓe wa ƙofar, mai suna GatewaySubnet. Yanki mai girman /29 adireshi 8 gare shi, Azure kuma yana riƙe 5 a kowane yanki, saura 3 ke nan. Shi ya sa ake ba da shawarar /27 mai adireshi 32. Haka nan wata dokar tace zirga-zirga da aka ɗora wa yankin, ko makullin hana sauyi da wani ya saka ya manta, na iya tsayar da aikin. Idan ba a cire su ba, sabuwar ƙofar ma tana iya cin karo da su.

To me ya kamata? A fara da kundin ayyuka, wanda ke ajiye tarihin kwana 90, a nemo umarnin da ya gaza da dalilinsa. A gyara dalilin. Idan ba a tabbatar da ƙaurar ba tukuna, a duba ko za a iya janye ta. Daga nan a ɗauko saitin ƙofar a mayar mata yadda yake ba tare da canza komai ba, domin wannan kaɗai yakan share alamar gazawa. Idan ta ƙi, a sake kunna ta: layi zai ɗan yanke, na'urar da ke jiran ko-ta-kwana ta karɓi aiki, adireshi da saiti kuwa suna nan. Idan duk wannan bai yi ba, a kai ƙorafi ga Microsoft tare da lambar umarnin da ya gaza.

Ban ce ba a taɓa gogewa ba. Akwai ranar da babu makawa. Amma a ranar, sai an kwafi saitin duka an adana, an sanar da abokan hulɗa, an kuma tsayar da lokacin da yankewar ba za ta tsayar da aikin jama'a ba.